Cutar da ta ƙi jin magani: nazarin rashin lafiyar wani yaro bayan walima a Kano

Yaron ɗan shekara huɗu ne, mai ciwon sikila, kuma shi ne auta a gidansu da ke wata unguwa a wajen ganuwa. An kai shi asibiti a rana ta takwas da fara rashin lafiya, jikinsa rau da zazzaɓi, idanunsa sun yi fari fat, ba ya iya taka ƙafarsa ta hagu. Kafin a kai shi ya riga ya sha magungunan kashe ƙwayoyin cuta har iri uku. An sakaya sunayen mutanen gidan da na asibitin, domin abin da ake bi a nan shi ne hanyar da cutar ta biyo, da dalilin da ya sa magunguna uku suka shiga jikinsa suka fita ba su taɓa ta ba.

Yadda abin ya faro

Wata Asabar a tsakiyar bazara aka yi walimar saukar Alƙur'ani ta babbar 'yar gidan. An dafa shinkafa da miya, an soya kaji, an haɗa salak da latas da kabeji da kokwamba da tumatir, aka zuba bama. Kajin ba na kasuwa ba ne. Uwar yaron tana kiwon burola a wani ɗaki da ke bayan gida, a cikinsu aka kama waɗanda aka yanka da safe. A tsakar gida aka fige su, aka fasa, aka cire kayan ciki. Da aka gama da kaji sai aka ɗauraye wuƙa da tire da ruwan da ke cikin baho, aka hau yankan latas. Babu wuta tun daren jiya, saboda haka salak ɗin ya zauna a babbar roba daga hantsi har bayan La'asar.

Daga daren Lahadi zuwa wayewar Litinin mutanen gidan suka fara zarya a banɗaki: zawo, murɗar ciki, wasu da amai da zazzaɓi. Aka yi ta waya tsakanin dangi, sai ga shi wasu baƙin ma haka suka kwana. Maƙwabta kuwa, waɗanda aka aika wa shinkafa da kaza a kula ba tare da salak ba, ko ciwon kai babu wanda ya yi. Wannan bambancin shi ne hujja mafi ƙarfi da ake da ita kan abincin da ya ɗauko cutar, tunda ba a bar ko loma ɗaya da za a gwada ba.

Manya duk sun warware cikin kwana uku zuwa huɗu. Wasu sun sha Flagyl, wasu sun sha kafso ɗin nan ja da yalo, wasu jiƙo, kuma kowa ya yaba wa abin da ya sha. Gaskiyar magana ita ce irin wannan zawon yana tsayawa da kansa cikin kwana huɗu zuwa bakwai a jikin mai lafiya, abin da yake buƙata ruwa ne da gishiri da sukari. Yaron ne kaɗai abin ya ƙi saki.

Ranar Litinin uban ya je kemis ɗin bakin layi.

"Malam, yaron nan zawo yake tun jiya, ga zafin jiki. A haɗa mana magani."

"To Alhaji, na nawa za a haɗa?"

Aka ba shi Flagyl na ruwa da Septrin na ruwa da farasitamol. Ba a tambayi ko yaron yana da wani ciwo ba, shi ma uban bai ga dalilin ambaton sikila ba tunda zawo ya kawo shi. Ba a ba shi haɗin ruwan gishiri da sukari na ORS ba, ba a ba shi zinki ba, alhali su ne asalin maganin zawon yara. Flagyl kuwa, duk da sunan da ya yi a matsayin maganin ciki, aikinsa a kan amiba ne da wasu ƙwayoyin da ba sa son iska. Ba ya yi wa Salmonela, ƙwayar cutar da daga baya aka gano a jinin yaron, komai ko da ba ta bijire wa kowane magani ba.

Ranar Laraba zawo ya ragu amma zazzaɓi ya ƙaru. Aka kai shi wani ƙaramin ɗakin gwaji, aka ɗebi jini, cikin sa'a guda aka miƙo takarda: maleriya da taifot. Duk wanda ya taɓa jinya a garin nan ya san wannan takardar. Gwajin Widal da ake dogara da shi wajen cewa taifot ne, wani likita Bafaranshe ne ya fito da shi a 1896, kuma ba ƙwayar cutar yake gani ba, martanin da jini ya yi yake aunawa. A wurin da mutane ke yawan cuɗanya da dangin Salmonela, lafiyayyen mutum ma yana iya nuna alamar, maleriya ma tana iya ɗaga ta. Da wannan takarda aka koma kemis, aka karɓo maganin maleriya da Cipro, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ba masu taifot. Yaron ya sha Cipro kwana uku, safe da yamma, ba fashi.

Da abin ya ƙi, ra'ayi ya rabu biyu a gidan. Uwar ta ce maganin jabu ne. Kakar yaron ta ce wa ɗanta, "Kai dai ba ka jin magana. Yaron nan tun yana goye ake ɗura masa maganin Bature, ai jikinsa ya saba, ba zai ƙara yi masa aiki ba." Ranar da ya wayi gari yana ihu in an taɓa ƙwaurinsa, sai aka ɗauka ciwon ƙashin sikila ne ya motsa, wannan ne ma ya sa aka nufi asibiti.

Abin da ɗakin gwaji ya nuna

An ba shi gado nan take. Jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, aka yi masa ƙarin jini da ƙarin ruwa. Likitar da ta karɓe shi ta yi abin da ya raba wannan jinyar da ɗaruruwan irinta: kafin ta sa a fara allura, ta ɗebi jini a kwalbar shuka ƙwayoyin cuta, abin da ma'aikata ke kira kalca. Sannan aka fara allurar seftiriyazon ta jijiya.

Ana ajiye kwalbar a ɗumi irin na jikin mutum, maki 37. Idan akwai ƙwayar cuta a jinin, za ta hayayyafa har ruwan ya gurɓace. Sai a shafa shi a wani faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, su tsiro, a tantance ko wace iri ce. Daga nan a shafe wani farantin da ita baki ɗaya, a ɗora 'yan ƙananan takardu zagayayyu, kowace an jiƙa ta da magani guda, a mayar ɗumi a kwana. Da safe ma'aikaci ya ɗaga farantin ya duba. Inda magani ya yi aiki za a ga fili fes ya zagaye takardar, ƙwayar ta kasa matsowa. Inda bai yi ba, za a ga ta tsiro har ta manne da gefen takardar. Ana sa ma'auni a auna faɗin filin da milimita.

A farantin yaron nan Salmonela ce ta tsiro, amma ba ta taifot ba. Dangin Salmonela sun haura iri 2,500. Ta taifot a jikin ɗan'adam kaɗai take zama, daga bayan-gidan wani take shiga abincin wani. Mafi yawan sauran kuwa gidansu hanjin dabbobi ne, kaji da shanu da ƙadangaru da ɓeraye, kuma kaza tana iya ɗauke da su tana cin abincinta lafiya lau. Ƙwayar ta tsiro har jikin takardar amfisilin, da ta Septrin, da ta kuloramfenikol, da ta tetarasaikilin. A gefen takardar Cipro akwai ɗan fili, amma bai kai ma'aunin da ake nema ba. Seftiriyazon ne ya buɗe fili mai faɗi.

Akwai wani abu da masu wannan aiki suka sani: jinin wanda ya riga ya sha magani sau da yawa ba ya tsirar da komai, saboda maganin ya danne ƙwayar ko da bai kashe ta ba. Na yaron nan ya tsiro cikin sauƙi bayan mako guda ana ba shi magani. Wannan kaɗai ya isa ya nuna magungunan ba su ko girgiza ta ba.

Farantin ya amsa wa uwa da kaka gaba ɗaya. Ko da Cipro ɗin da aka saya na gaske ne, ba zai yi ba, domin takardar ɗakin gwaji ba jabu ba ce kuma ita ma ta gaza. Jikin yaron kuma bai saba da komai ba. Ƙwayar cutar ce ta zo da shirinta tun daga waje, kuma da jariri sabon haihuwa ta kama, wanda bai taɓa lasar magani ba, haka za ta yi masa. Wannan kuskuren fahimta yana da illa, domin yana sa mutum ya ɗauka in shi bai cika shan magani ba to ya tsira.

Hoton ƙashi da aka ɗauka daga baya ya tabbatar cutar ta shiga ƙashin ƙwauri. Wannan sananne ne a masu sikila. Saifarsu, wadda ke tace ƙwayoyin cuta daga jini, tana lalacewa tun suna ƙanana, sannan toshewar ƙananan jijiyoyi tana barin wuraren da suka mutu a cikin ƙashi, nan Salmonela ke samun mazauni. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila, kimanin jarirai 150,000 a shekara, saboda haka irin yaron nan ba ɗaya ba ne a kowace unguwa.

A nan ne bijirewar ta nuna tsadarta. Ciwon ƙashi irin wannan yana buƙatar magani na mako huɗu zuwa shida, wani lokaci fiye. Da ƙwayar tana jin Cipro ko Septrin, da bayan 'yan kwanaki ana allura sai a sallame shi ya ƙarasa da na sha a gida. Tunda ba ta ji, sai allura ta jijiya kullum har ƙarshe. Jijiyoyin yaro mai sikila ba su da yawa, kowane kwana biyu ko uku sai an nemi sabuwa, daga bayan hannu zuwa ƙafa, uwa ta danne shi yana kuka. Uban ya rufe shagonsa rabin yini na tsawon makonni. Ragowar kajin duka aka sayar wa wani mai gashi don a biya kuɗin allura. Yaron ya warke, yana taka ƙafarsa, ana ci gaba da duba ƙashin a asibiti.

Ɗakin kaji

Da likitar ta tambayi uwar irin maganin da take ba kajin, sai ta ce, "Likita, ai ba magani nake ba su ba, bitamin ne." Washegari ta zo da ledojin a jaka. Garin da take zubawa a ruwan sha tun ranar da 'yan tsaki suka iso, bitamin ne da gaske, amma a jikin ledar an rubuta har da tetarasaikilin da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Akwai kuma wata kwalba ta enrofulokzasin, wadda mai shagon magungunan dabbobi ya ba ta a mako na uku da ta ga kashin wasu ya yi fari. Da murfin kwalbar take aunawa. In ruwa ya ragu a mazubi sai ta ƙara wani a kai, maganin ya tsinke. Ta sake ba su ana saura kwana biyu walima, don kada su mutu mata ana gab da buki.

Enrofulokzasin da Cipro 'yan gida ɗaya ne, har ma jikin dabba yana juya wani kaso na farkon ya koma na biyun. Ƙwayar da ta koyi kauce wa ɗaya ta kauce wa ɗayan. Saboda wannan dalili ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana amfani da shi a kaji a 2005, bayan an ga ƙwayar Kamfilobakta da mutane ke ɗauka daga naman kaza tana ƙin jin Cipro. Tarayyar Turai ta hana zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don su yi saurin girma tun 2006. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina ba lafiyayyun dabbobi magungunan da mutane ke dogara da su. A Kano kuwa yaro ma za a aika da kuɗi ya karɓo kwalbar.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar ganewa. A hanjin kaza ɗaya akwai ƙwayoyin bakteriya bila adadin, kuma a cikinsu ba a rasa 'yan kaɗan da magani ba ya kamawa. Maganin da aka tsinka da ruwa kamar rariya yake: gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Waɗanda suka tsaya su ne za su hayayyafa su cika wurin, su fita a kashi, kaji su tattaka su tsattsaga, cikin mako shida ɗakin duka ya zama nasu. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne bakteriya suna miƙa wa juna wannan kariya ko da ba iri ɗaya ba ne, ta wasu 'yan ƙananan zobban gado da ke tsallakawa daga wannan zuwa waccan. Ƙwayar da ba ta cutar da kowa tana iya ɗauke da kariyar magani huɗu a zobe guda, ta ba Salmonela. Ta irin wannan hanya aka gano a Sin a 2015 cewa kariya daga kolistin, maganin da likitoci ke ajiyewa sai an rasa yadda za a yi, tana yawo a aladu da naman kaji da marasa lafiya. Kolistin ɗin nan yana cikin wasu garin kaji da ake sayarwa a shaguna. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 ya yi gargaɗin cewa shan magani ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa.

Sai dai a yi adalci: soyayyiyar kazar ba ita ta kwantar da kowa ba. Wuta ba ruwanta da bijirewa, ƙwayar da ta gagari magani goma tana mutuwa in zafi ya ratsa nama ya kai maki 70. Maƙwabtan da suka ci kaza lafiya suka kwana. Wuƙa da tire da ruwan baho su ne gadar da ta haɗa hanjin kaza da ganyen da ba za a dafa ba, zafin bazara kuma ya yi sauran aikin, domin a irin wannan ɗumi Salmonela tana ninka kanta cikin kusan rabin sa'a.

Akwai hanya ta biyu da ba za a kore ba. Latas ɗin kansa yana iya zuwa da ƙwayar daga lambu. Wani kaso na ganyen da ake ci a birni a gefen Jakara ake noma shi, da ruwan da ya kwaso kwatocin unguwanni da na mayanka kafin ya haɗu da Getsi ya nufi Wasai, ga kuma takin kashin kaji da ake zubawa ɗanye. A ganina ta farko ta fi ƙarfi, saboda magungunan da ƙwayar ta ƙi ji sun yi daidai da abin da ke cikin jakar uwar. Amma ko ta wace hanya ce, wurin da aka horar da ƙwayar ɗaya ne: hanjin dabba ko na mutum da aka yi ta ba magani ba bisa ƙa'ida ba.

Saboda haka ɗora wa matar nan laifi ita kaɗai zalunci ne. Ba ta san akwai magani a ledar ba, wanda ya sayar mata bai faɗa ba. Manyan gidan da suka sha kafso don zawon da zai tsaya da kansa, su ma sun yi wa ƙwayoyin hanjinsu irin tankaɗen da aka yi wa na kaji. Mai kemis ya sayar da abin da doka ta ce sai da takardar likita. A watan Fabrairun 2024 hukumomin da ke sa ido kan magunguna, NAFDAC da PCN, sun rufe shagunan dillalan magani na Sabon Gari, aka tura su sabuwar kasuwar Dangwauro da ke hanyar Zariya. Wannan ya shafi ingancin magani da yadda ake ajiye shi, amma bai canza tambayar "na nawa za a haɗa" a bakin layi ba. Gwajin da ya ceci ƙafar yaron kuma sai manyan asibitoci irin na koyarwa na Malam Aminu Kano da wasu 'yan ɗakunan gwaji masu zaman kansu, yana cin kwana uku ko fiye, kuɗinsa ya ninka na Widal sau da yawa. Talaka zai zaɓi takardar sa'a guda.

Nijeriya tana da tsarin ƙasa na yaƙi da wannan matsala tun 2017 ƙarƙashin hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta NCDC, an sabunta shi a 2024. Girman abin da ake fuskanta ya fito a binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022: mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya a 2019 kai tsaye saboda bakteriya masu ƙin jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen in aka kwatanta da yawan jama'a, kimanin 27 a cikin kowane 100,000. Mafi yawan irin waɗannan ba a taɓa shuka jininsu ba. A gida za a ce taifot ne ya ƙi jin magani.

Bayan an sallami yaron, uwar ta nemi wani likitan dabbobi. Ya ce mata ta wanke ɗakin ta bar shi fayau na mako biyu kafin ta zuba wasu, ta rage yawansu, ta riƙa canza shimfiɗar ƙasa kafin ta jiƙe, ta tsare rigakafin Gumboro da na Lasota a kan lokaci, magani kuma sai kaza ta kamu kuma an duba ta, sannan a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a yanka. Ya ƙara da cewa yaron kada ya shiga ɗakin, kuma a ware wuƙa da tire na nama daban. Ya kuma gaya mata abin da bai yi mata daɗi ba: 'yan tsakin da ake kawowa daga kudu suna iya zuwa da Salmonela tun daga ƙwai, don haka tsaftarta za ta rage haɗari ne, ba za ta kawar da shi ba.

Ta ce, "Likita, duk na ji. Amma leda ɗaya ba ta kai kuɗin kaza ɗaya ba. In goma suka mutu mini, ribar ta tafi. Kuma duk masu kiwon layinmu haka suke yi."

Ya ce, "Hajiya, lissafa da kuɗin allurar da kuka biya."

Ta zuba rabin 'yan tsakin da ta saba zubawa, ba ta sa garin a ruwa ba. A mako na biyu 'yan tsaki huɗu suka mutu a dare ɗaya, washegari ta aika aka sayo ledar, ta ba su kwana biyar ta tsaya. Kwalbar enrofulokzasin dai ba ta sake saye ba. Yanka da figa ta mayar da su can bayan gida, salak kuma sai an kusa ci ake haɗawa. Shimfiɗar ɗakin da aka kwashe lokacin jinya, buhu uku, wani mai lambu ne ya saye ta kamar yadda ya saba.